A-Ƙara Mai Hoto da Cigiyar Uwarsa

Duna uwarsa take kiransa. Ranar da aka haife shi ungozoma ta juya shi ta sake juyawa, ta ce ita dai tunda take karɓar haihuwa ba ta taɓa ganin jariri baƙi irin wannan ba. Uwar ta karɓe shi ta ce to alhamdu lillahi, ko cikin 'ya'ya dubu aka jefa shi ba zai ɓace mata ba. Ita ma baƙa ce wuluk, gajeriya, mai wushirya da wani ɗan tabo a gefen hanci, kuma har ta tsufa ba wanda ya taɓa jin ta nemi afuwar kowa a kan kalarta.

Shi kuwa ɗan bai gaji wannan kwanciyar hankalin ba. A makaranta yara suka samu abin wasa, wannan ya ce a kunna fitila Duna ya shigo, wancan ya ce kada ya jingina da allo a neme shi a rasa. Wasu yaran akan tsokane su su rama, gobe a manta. Shi ya haɗiye, ya ajiye a ciki, ya girma da abinsa. Da ya isa koyon sana'a aka kai shi wurin wani mai hoto a ƙetaren gari, kullum ya hau mota ya tafi, da yamma uwar ta je tasha ta tsaya jiransa, ko da yake ya wuce shekarun da ake tarbo yaro. A wannan shagon ne ya fara ganin yadda ake jan wani ɗan layi a kwamfuta fuskar mutum ta washe. Ya gwada a hotonsa. Ya daɗe yana kallon farin saurayin da ya fito, kuma daga ranar ya san abin da zai ci abinci da shi.

Shagon da ya buɗe daga baya ɗan tsukuku ne, tsakanin kemis da tela. Akwai labule mai zanen matattakalar bene da lambu, kujerar roba, furen roba, da fanka mai kuka kamar ana zaluntarta. Ɗaukar hoton ba ta cin lokaci. Aikin yana farawa ne bayan an ɗauka, lokacin da zai zaunar da wanda aka ɗauka kusa da shi, ya ja layin nan kaɗan, ya juyo ya ce, “A ƙara?”

Ba a taɓa samun wanda ya ce a'a ba. Mata sukan sunkuyar da kai su ce, “Ɗan kaɗan dai.” Maza kuwa, masu cika baki a waje cewa namiji ba ruwansa da kala, sukan yi gyaran murya su ce ai hasken ɗakin ne bai isa ba, ya ɗan gyara. Ya ja, ya sake tambaya, a sake cewa kaɗan, har sai hanci ya kusa narkewa cikin kumatu. Da haka sunan Duna ya mutu a bakin mutane, unguwa ta koma kiransa A-Ƙara, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu.

Abin da ya fifita shi a kan sauran masu hoto wata ƙa'ida ce guda. Da zarar an gama, a gaban idon mai shi zai goge hoton asalin. “Kin gani ko, Hajiya? Ya tafi. Ko alƙali ya tambaye ni, ban san wata baƙa ba.” Mutane suka so wannan amanar ƙwarai. Akwai direban da jami'an hanya suka tsare rabin yini suna cewa lasin tuƙin wani ya sato, don hoton bai yi kama da shi ba, ya dawo shagon yana huci, amma da aka zauna sake hoton aka ce masa “A ƙara?”, sai ya ce a ɗan rage dai kaɗan daga na da, kada a mayar da shi can baya gaba ɗaya.

Matarsa ma a kan kujerar robar nan ya same ta. Ta zo hoton fasfo, ta ce a ƙara har sau ba adadi, da aka wanke ta riƙe shi ta ce, “Wannan ce ni. Waccan ta madubi kuskure ce.” A-Ƙara ya ji kamar daga cikin ƙirjinsa aka ciro maganar. Zani ce ta tad da mu je mu. Bayan aure ta duƙufa bin hoton nan da mai da sabulu har ta kusa kamo shi, sannan ta kafa tebur a kusurwar shagon, aka fara kiranta Uwar Haɗi. Sana'a ta haɗu: miji ya nuna maka yadda ya kamata a ce an halicce ka, ka juya hagu mata ta miƙo maka robar da za ta kai ka can.

A can bayan gidansu take haɗin, cikin bokiti, da muciya. Takan matse mayuka iri-iri waɗanda ko ita ba ta iya karanta rubutun jikinsu ba, ta tsiyaya wani ruwa mai hawa ido, ta juya har ya yi kauri, ta ɗura a robobi. Hawa uku ne. Na farko Wankan Tarwaɗa, na masu tsoron surutun dangi. Na biyu Sai An Tambaya. Na uku, wanda ya fi tsada kuma ya fi fita, ta sa masa suna Ko Inna Ba Ta Gane Ki. Mai gaggawar biki kuwa, a shafe ta tun daga goshi har tafin ƙafa, a naɗe ta da leda, a kulle ta a ɗaki ta yi ta zufa. In mace ta dawo da kumatu a ƙone, ko jijiyoyi koraye shar sun bayyana a cinya, ko wani gashi ya tsiro a haɓa, ko ɗan ƙurji ya ƙi warkewa, amsar Uwar Haɗi ɗaya ce: “Dattin ne ke fita, 'yar'uwa. Kada ki tsaya yanzu, in kin tsaya sai kin fi da baƙi.” Wannan na ƙarshen kam gaskiya ta faɗa, kuma shi ne igiyar da ta ɗaure su da ita. Warin da ke tashi in sun taru a shagon da rana, tela na makwabta ya ce ya gwammace a ƙona masa taya a ƙofa.

Mai kaya shi ne tallan kayansa, don haka A-Ƙara ma ya shiga layi, kuma bai tsaya wasa da hawa na farko ba. Fuska ta tafi. Wuya ya bi ta da ƙyar. Kunnuwa suka tsaya a tsakiya suna shawara. Gaɓoɓin yatsu kuwa suka ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba inda za su. Uwar Haɗi ta jiƙa su, ta kankare su, ta ɗaure su da wani ruwa mai raɗaɗi har fata ta saɓule, da sabuwa ta fito sai ta fito baƙa ƙirin fiye da ta da. Ga shi sana'arsa ta ɗaga kyamara ce, yatsun nan su ne abin da wanda ake ɗauka yake kallo in an ce ya yi murmushi. Sai ya sayi farar safar hannu, ya ce wai don kada maiƙo ya taɓa gilashin kyamara. Rana kuma ta zama abokiyar gabarsa, ko kemis zai leƙa sai da lema. Duk unguwa ta san dalili, amma wa zai faɗa, alhali kowa da hotonsa a rataye a ɗaki?

Bayan rasuwar mahaifinsu, Inna ta zauna wurin ƙanwarsa Auta, mai koyarwa a makarantar yara. Da ɗakin Auta ya yi musu kaɗan, A-Ƙara ya ɗauko uwar ya dawo da ita gidansa. A nan dole a yi masa adalci: yana son uwarsa. Ya ba ta ɗaki mai taga, ya sa mata sabon labule, ba ya fita sai ya gaishe ta. Cikin wannan son ne ma ya yi mata abin da yake ganin babbar kyauta. Ta zo da wani tsohon gwangwani cike da hotuna, na aurenta, na mijinta, na su Duna suna yara. Ya kwashe su ya kai shago, ya ɗauke su a kwamfuta, ya share tabo, ya goge tamoji, ya cike wushirya, ya ƙara, ya ƙara, ya wanke sababbi ya sa a firam. Tsofaffin kuwa ya bi ƙa'idarsa, ya cinna musu ashana.

Inna ta bi bangon falo da kallo, firam bayan firam, ta ce, “Masha Allah. Dangin matarka ne?”

Aka yi dariya. Auta ce kaɗai ba ta yi ba. “Yaya, ina hoton Baba na gaske?”

“Ga shi nan, na gyara shi.”

“Baba ya lalace ne da za ka gyara shi?”

Ya ce da ita matsalarta ƙauyanci, ita da ta ƙi ko Wankan Tarwaɗa kyauta. Suka yi wata da watanni ba sa gaisawa sai a gaban Inna.

Sannu a hankali tunanin tsohuwa ya fara zubewa. Ta ajiye abu ta manta, ta tambayi mijinta da ya daɗe a ƙasa. Sai kuma wata safiya A-Ƙara ya shiga gaishe ta, ta gyara mayafi ta ce, “Sannu, bawan Allah. Mun gode da masauki. Duna bai dawo ba?”

“Inna, ni ne.”

“To. In ya zo ka ce ina nemansa.”

Abin ya soke shi, ya fita yana share ido da safar hannu. Amma ya ce tsufa ne, likita ma ya ce tsufa ne, kuma lalle tsufa na da kasonsa. Sai dai tsufan nan bai hana ta gane Auta ba, bai hana ta gane tela ba in ya shigo gaisuwa, har akuyar makwabta tana ganewa. A-Ƙara bai tsaya lissafa wannan ba, don mai lissafa irin wannan sai ya ajiye roba.

Ranar da abin ya faru, wata mai sayen haɗi ce ta fita ta bar ƙofar gida a buɗe. Kafin a ankara Inna ba ta ɗaki, ba ta tsakar gida, ba ta layi. Takalmanta ma ba su nan.

Hankalin A-Ƙara ya tashi, tashi na gaskiya. Ya ruga shago ya buɗe kwamfuta don buga cigiya, ya zaɓi hotonta da ya fi kyau, kuma ko a cikin wannan firgicin, hannunsa da ya saba sai da ya ɗan ja layin nan. Hali zanen dutse. Auta ta iso tana haki, ta dubi takardar ta ce, “Yaya, wannan ba Inna ba ce.”

“Inna ce mana.”

“Wallahi ko ni aka nuna wa wannan, sai in ce ban san ta ba. Ka rubuta a ƙasa cewa baƙa ce.”

“So kike duk gari ya ga uwata kamar gawayi? Hoto ya isa.”

Aka manna cigiya a bango da turakun lantarki, aka tura ta waya zuwa waya. Mutane kuwa suka taimaka da zuciya ɗaya, suka baza ido neman farar tsohuwa mai sumul ɗin fuska. Aka yi ta kira. An ga wata a bakin asibiti, an ga wata a kasuwa. Wasu samari ma suka taso kakar wani a mota tana zaginsu, suka dire ta ƙofar shago suna jiran godiya. A-Ƙara yakan fita nema da sassafe da kuma in rana ta yi sanyi, tsakiyar yini kuwa sai dai daga cikin tasi, yana leƙe ta gilashi. Abinci ya ƙi shiga. Uwar Haɗi ta ce ya daure ya riƙa shafa mai ko yaya, damuwa na sa mutum ya dishe, ya daka mata tsawar da bai taɓa yi ba.

Da kwanaki suka tura, ya je inda ake ajiye gawa a asibiti. Ma'aikacin ya dubi hoton ya girgiza kai. “Ba mu karɓi fara ba a kwanakin nan, Alhaji. Tsofaffi baƙaƙe dai ana kawowa, wasu ma har an binne ba mai su.”

A-Ƙara bai san yadda ya dawo shago ba. Ya zauna gaban kwamfuta, karon farko a rayuwarsa ya ja layin nan baya. Fuskar ta yi duhu, amma ba baƙin Inna ba ne, wani toka-toka ne mara rai. Ya nemi ya mayar da tabon hancin, sai ya tsaya: dama yake ko hagu? Wushiryar fa, ina faɗinta? Layukan goshin nawa ne, ta ina suka bi? Ya zana ya goge, ya zana ya goge. Matar da ta fito baƙuwa ce da aka shafa wa shuni. Ya binciki kwamfutar lungu-lungu ko ya manta da na asali guda ɗaya, amma ina, shi mutum ne mai riƙon amana, bai taɓa barin ko ɗaya ba. Garin gyaran gira ya rasa ido. Ya kifa kai a tebur ya yi kuka har tela ya leƙo ya koma.

Auta kuwa tun rana ta biyu ta daina ɗaukar takardar. Da baki take cigiya, shago-shago, rumfa-rumfa: tsohuwa baƙa wuluk, gajeriya, mai wushirya, tana yawan tambayar wani Duna. Da haka ta kai bayan tsohuwar tasha, wurin wata mai sayar da abinci. Matar ta ajiye ludayi ta ce, “Mai jiran Duna? Ai ga ta can.”

Tsakar rana ce wayar Auta ta same shi. Ya fita ba lema, ya yi ta gudu rana na gasa masa kumatu. Rumfar ta kwano ce, da benci biyu da manyan tukwane. Inna na zaune a kan tabarma tana ɗauraye cokula, lafiyarta ƙalau, an ma ba ta wani zane. A jikin kwanon da ta jingina, daidai saman kanta, ga cigiyarsa a manne. Shi da kansa ya ba wani ɗan acaɓa ya manna ta a nan, don ranar zafi ya yi yawa bai iya fitowa daga mota ba.

Mai abinci ta dube shi sama da ƙasa. “Kai ne ɗan? Ikon Allah. Tun ranar da ta zo take nan, ta ce ɗanta a nan yake sauka in ya taso daga aiki. Na yi ta tambaya ko wani ya san ta. Takardar nan kullum muna kallonta, har addu'a muke yi wa mai ita. Da kun ce baƙa kuke nema, ai da tuni an wuce wurin.”

Inna ta ɗaga kai ta bi inda ake nunawa. “Allah sarki, baiwar Allah,” ta ce. “Har yanzu ba a gan ta ba? Ko ina 'ya'yanta suke, oho.”

Auta ta durƙusa. “Inna, tashi mu tafi gida.”

“Auta, ke ce? Je ki, ina nan tafe. Yayanki nake jira.”

“Ga shi nan ai, Inna. Ga Yaya.”

Tsohuwa ta dubi mutumin da ke tsaye, fuska jawur da ƙuna, ƙasan ido baƙi, wuya dabbare-dabbare. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce ta gane shi, shi ne mai masaukin nan, Allah ya saka da alheri. Sannan ta koma kan cokulanta. Aka yi lallashi, aka yi dabara, mai abinci ta sa baki, fasinjoji suka fara taruwa. Ta ce ko za a yanka ta ba ta barin tasha sai Duna ya sauka, yaron bai saba ya sauka bai gan ta ba.

A-Ƙara ya zube a gabanta cikin ruwan wanke-wanke. Ya rantse, ya kira sunan mahaifinsa, ya tuna mata gidan da suka zauna. Ta saurara kamar yadda ake sauraron labarin wani. Zufa ta jiƙa safar hannunsa, tsohon raunin kankara yana masa zafi, ya fizge ta ya yar, ya kama hannuwanta biyu yana roƙo.

Inna ta sunkuya. Ta daɗe tana kallon yatsun da ke riƙe da ita. Ta sa babban yatsanta ta shafa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, baƙaƙe ƙirin, masu kaushi, waɗanda bokitin Uwar Haɗi ya yi iya yinsa ya bari.

“Wannan hannun Duna ne,” ta ce.

“Ni ne, Inna. Ni ne.”

Ta ɗaga ido ta dubi fuskar, ta mayar kan hannun, ta sake duban fuskar. “Bawan Allah, ina kuka kai sauransa?”

Sai ta damƙe hannun da ƙarfin da ba wanda ya zaci tana da shi, ta miƙe. Har suka isa gida ba ta sake shi ba, kuma ba ta ƙara ɗaga kai ta dubi mai shi ba.

Kada wani ya ɗauka an rufe shago. Labulen bene na nan, ana ta ƙarawa, Uwar Haɗi ma ta fito da hawa na huɗu. A-Ƙara ya gwada barin shafawa, fuskar ta yi wani irin duhu mai ɗauke da taswira wanda ba na Duna ba ne, ba na kowa ba ne, ya tsorata ya koma wa robarsa. Abu ɗaya ne ya canja. Ya hana matarsa kusantar yatsunsa da komai, ya daina sa safa in yana gida.

Inna tana nan a ɗakinta mai taga, an sa wa ƙofar gida sakata. In ya shiga da fuska, takan gyara mayafi ta yi wa mai masauki godiya, ta tambaye shi ko Duna ya dawo. Saboda haka kowace safiya yakan tsaya a bakin ƙofa, ya ɓoye a bayan labule, ya zura hannunsa kaɗai. Daga ciki sai a ji ta ce, “Duna, ka tashi lafiya?” Shi kuma ya amsa daga waje.